Lafiya uwar jiki: Sanyin mai wuridi



Ga tambayar wannan wata: mi ya sa in mutum ya zamna shiru yana jan tasbaha bayan sallar asuba, sai ya ji sanyi ya kama shi? Wasu na cewa iska ce ta shafe shi. Ba iska ba ce.

Jiki kamar murhu ne, abinci shi ne itace. Zafin jikin mai lafiya kusan digiri 37 ne. In kana noma ko jan wasaki, naman jiki na ƙona abinci da yawa, zafi ya ƙaru. In ka natsu, zuciya ta rage gudu, numfashi ya lafa, wutar ta ragu. Hanyoyin jini na hannu da ƙafa su buɗe, zafi ya fita ta fata. Ga shi kuma da asuba ne zafin jiki ya fi sauka. Ƙasa mai sanyi ma tana shan zafin wanda ya zamna kanta.

To, a shimfiɗa agalemi ko tabarma, a yafa bargo, musamman tsofaffi lokacin ɗari.

Amma a kula! Wannan sanyi, da ka tashi ka motsa sai ya wuce. In ya zo da makyarkyata, ciwon kai da zafin jiki, masassara ce, wataƙila ta cizon sauro. A tafi likita ranar nan, balle in yaro ne ko mace mai ciki.

Sai wata mai zuwa.