Mu tura 'ya'yanmu su karanto dokar filaye tun kafin katafila ta iso



Duk wanda ya daɗe a Legas ya san ma'anar jan fenti a jikin bango. Jami'ai su zo da safe, su shafa alama a shago ko masallaci, su manna takarda, su wuce. Mu kuma mu taru a gidan Sarkin Hausawa, a yi karo-karo, a nemo lauya. Tambayarsa ta farko ita ce, ina takardunku? Sai a ɗauko tsohon rasit ɗin da omo onile suka ba iyayenmu, lauya ya duba, ya girgiza kai.

Mun sha ganin haka, kuma ba kullum ba ne laifin yake wajen hukuma. Sau da yawa mu ne ba mu san dokar da muke zaune a ƙarƙashinta ba.

Tun 1978 Dokar Amfani da Filaye ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum yake riƙe da shi izinin zama ne, wanda takardar C of O take tabbatarwa, kuma cinikin fili a birni ba ya cika sai da amincewar gwamna. Idan gwamnati ta karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar gini da shuka ake biya, ba ta ƙasar kanta ba. Mallakar fili daban, izinin gini daban. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne, don haka abin da ka sani a Kano ba lallai ya yi maka aiki a Agege ba.

Haka ma dokokin muhalli. Tun 1992 doka ta wajabta a binciki illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, a 2007 kuma aka kafa hukumar NESREA. Jihohi ma suna da nasu hukumomin. Mahauta, 'yan kara da 'yan gwangwan, duk sana'o'inmu ne, kuma da dalilin ƙazanta da toshe magudanar ruwa ake yawan rufe su.

Wannan ilimi a jami'a ake koyar da shi. Karatun lauya shekara biyar ne, sai shekara ɗaya a makarantar horar da lauyoyi. Dokar filaye dole ce ga kowane ɗalibi, dokar muhalli kuma yana iya zaɓarta. Akwai kuma fannin tsara birane a jami'a da kwalejin fasaha, inda ake fitar da waɗanda suke zana taswirar da za ta nuna ina titi zai bi, ina kasuwa za ta zauna. Mu tambayi kanmu, yaranmu nawa ne a waɗannan ajujuwa?

Mun san wasu dattawanmu suna ƙyamar aikin lauya, suna ganin kare ƙarya ne. Muna girmama su, amma wanda ya duba takardar fili kafin ɗan uwansa ya biya kuɗi, haƙƙi ya tsare. Masu cewa karatun da tsada kuma, su tuna abin da muke tarawa bayan kowane rusau, kuma ba ya mayar da shago ko ɗaya. Rigakafi ya fi magani.

Don haka a taronmu mai zuwa za mu gabatar da shawarar buɗe asusun da zai ɗauki nauyin ɗalibai biyu a kowace shekara, mace ko namiji, a waɗannan fannoni. Iyayen da 'ya'yansu za su rubuta JAMB bana su zo da su, mu zauna tare kafin a cika fom.

Allah ya kare mana dukiyoyinmu, ya yi wa zuriyarmu albarka.

Sakataren Ƙungiya