Ɗan Mubi Ya Wadatar

Ya kai ɗalibi, ka riga ka koyi yadda Hausa take ƙera sunan mutum daga sunan garinsu. Mutumin Kano Bakano ne, mace Bakanuwa, jam'insu Kanawa. Na Katsina Bakatsine ne. Na Sakkwato kuwa Basakkwace, domin harafin "t" yakan koma "c" a gaban "e". To, idan gidanku yana unguwar Kolere a cikin Mubi, me za a kira ka? Wataƙila hannunka zai yi saurin rubuta "Bamube". Shawarata ita ce ka dakata.

Ƙa'idar nahawu kaɗai ba ta haifar da irin wannan suna, sai bakin jama'a ya karɓe shi. Dubi Zariya. Mutuminta Bazazzage ne, domin daga sunan masarautar Zazzau aka ɗauko kalmar. Ko a Turanci haka abin yake. Mutumin birnin Gilasgo na ƙasar Sikotland "Glaswegian" ake ce masa, kuma an ƙera kalmar ne ta kwaikwayon "Galwegian", sunan mutanen wani yanki da ke kudu da birnin.

Amma dalilin da ya fi nauyi a wurina ba na nahawu ba ne. Ɗafa-goshin "ba-" yakan ja hankali zuwa ga asali. Da zarar an ce Bakano, sai mai sauraro ya tuna iyaye da kakanni. Mubi kuwa gari ne na bakin iyaka, dab da Kamaru, kuma sai a ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 yankin ya zaɓi zama cikin Najeriya. Fali da Gude da Fulani da Margi da Hausawa duk suna cuɗanya a kasuwar shanu da makarantu. Ranar da aka ƙirƙiro "Mubawa", ranar za a fara tambayar su wane ne na ainihi. Yaron da kakansa ya zo fatauci daga Kano ya zauna a Kolere, yana ciki ko yana waje? "Ɗan Mubi" da "'yar Mubi" ba su cika tayar da wannan gardama ba.

A ƙarshen shekarar 2014 mayaƙan Boko Haram sun kame garin, har suka laƙaba masa suna Madinatul Islam. Sabon sunan bai daɗe ba. Waɗanda suka tsere zuwa Yola da Kamaru, Musulmi da Kirista, 'yan Mubi aka riƙa kiran su a can, kuma da wannan suna suka koma gida.