RA'AYINMU: Mai kashe wutar daji ma'aikaci ne, a ba shi hakkinsa

Damina ta ɗauke, ƙarangiya ta fara bushewa, iskar hunturu ta kusa tasowa, kuma duk wanda ya taɓa kiwo a Azawak ko wajen Bermo da Tanut ya san abin da ke biyo baya. Don haka a wannan fitowa za mu yi magana a kan mutanen da ke tarar wuta. Za mu fara da wata ƙasa mai nisa, wato Kanada, domin akwai abin dubawa a wurinsu.

Arewacin Kanada kurmi ne na dogayen itatuwa masu ƙaro, ga tafkuna ga fadamu, mutum kan yi ɗaruruwan kilomita bai ga hanyar mota ba. Idan ƙanƙara ta narke wajen Afrilu ko Mayu sai daji ya bushe, tsawa ta riƙa faɗowa tana kunna wuta inda babu kowa. A shekarar 2023 wuta ta ci musu kusan hekta miliyan 15, ɓarnar da ba su taɓa rubuta irinta ba. A watan Yuni hayaƙin ya rufe birnin New York na Amurka, a watan Agusta kuwa aka kwashe mutanen garin Yellowknife, su wajen 20,000.

To su wa ke shiga wannan wuta? Yawancinsu ma'aikatan lokaci ne, kamar ƴan cin rani. Hukumomin larduna kan ɗauki samari da ƴan mata, har da ɗalibai da ƴan asalin ƙasar, na tsawon wata huɗu zuwa shida. Kafin a ɗauki mutum sai an gwada ƙarfinsa da ɗaukar injin ruwa da tiyo, sannan a ba shi horo. Da zarar an hango hayaƙi, jirgi mai saukar ungulu ya kai mutum 3 ko 4 ya ajiye su kusa da wurin, da zarto mai inji, da injin jan ruwa, da wani ƙarfe mai gatari a gefe guda fartanya a ɗaya gefen. A tanti suke kwana, sauro na cinsu, wani lokaci har kwana 14 a jere kafin a ba su hutu. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne ƙasar wurin, wadda ruɓaɓɓen ganye ne da ya taru shekara da shekaru. Wuta kan nutse cikinta ta yi ta ci a ɓoye, dole su bi toka suna taɓawa da hannu suna neman ɗumi. Wasu wutaten na 2023 sun kwana ƙarƙashin ƙanƙara duk tsawon sanyi, suka sake tashi a 2024.

Kada a ce muna yabon Turawa ido rufe. Aikin na cin rai: a watan Yuli na 2023 itace ya faɗo wa wata yarinya ƴar shekara 19 tana bakin aiki, ta rasu. Idan lokaci ya wuce ana sallamarsu, kuma da yawa na kukan cewa kuɗin bai kai wahalar ba, har gwanaye kan bar aikin. A shekarar 2016, lokacin gobarar Fort McMurray, ƴan kwana-kwana wajen 300 da aka ɗauko daga Afirka ta Kudu sun ajiye aiki saboda rikicin albashi, aka mayar da su gida. Amma duk da haka, a can mai kashe wuta yana da suna a takarda, yana da takalmi da hular kwano, yana da lada, idan ya ji ciwo akwai wanda za a tambaya.

Mu fa? Idan hayaƙi ya tashi, mai raƙumi ya hau, mai babur ya tayar, a sari rassan aduwa ko a jiƙa buhu a shiga bugu da takalmin roba, mata na biye da jarkoki bisa jakai. Ana iya kwana biyu a haka. Wanda ya ƙone a kai shi ruga a shafa masa man shanu, shi ke nan, ba wanda ya rubuta sunansa. Alhali abin da yake karewa rumbun ƙasa ne. Manomi na kai hatsinsa gida ya rufe, mu kuwa cimakar wata takwas tana tsaye a fili, kuma shekarar da ruwa ya yi kyau ita ce shekarar babbar wuta. Idan fili ya ƙone, garke kan gangara kudu tun ba a gama kwashe amfanin gona ba, kuma kowa ya san fitinar da ke fitowa daga nan. Wanda ya zauna kuwa, sai ya karyar da saniya don ya sayi dusa. Dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar mana da ƴancin yawo da dabbobi, mun gode, sai dai saniya ba ta cin toka.

Gaskiya ne akwai aikin share hanyoyin tare wuta, masu faɗin mita 15 zuwa 20, inda ake biyan mutane kuɗin yini. Aiki ne mai kyau, mun ga inda wuta ta zo bakin hanyar ta mutu. Kukanmu shi ne lokaci. Sau nawa muka ga kuɗin wani shiri ya iso bayan wuta ta gama cinye wurin da za a share? Sau nawa aka ɗebo mutane daga gari a mota, aka bar masu rijiyar da suka san inda iska ke kaɗawa?

Saboda haka muna kira ga hukuma da masu ba da tallafi da babbar murya. Ba jirgi muke roƙo ba. A fara shara a watan Oktoba, tun ciyawa ba ta gama bushewa ba. A kowace babbar rijiya a kafa ƙungiyar samari da za a rubuta sunayensu, ma'aikatan gandun daji su horar da su, a ba su manjagara da shebur da takalmi da wayar salula, a riƙa biyansu kowane wata har bazara, ko wuta ta tashi ko ba ta tashi ba, domin gadi ma aiki ne. Wanda ya ƙone a ɗauki nauyin maganinsa, wanda ya rasu a dubi iyalinsa.

Mu ma muna da laifi, ba za mu ɓoye ba. A Kanada tsawa ce ke kunna manyan wutate, a wurinmu kuwa galibi hannun mutum ne: garwashin shayi da aka tashi aka bari, guntun taba, wutar girki ranar iska. Muna roƙon ardo-ardo da shugabannin zango su ja kunnen yara, kada a bar masauki sai an binne wuta da ƙasa. Shugabannin rassan ƙungiya kuma kowa ya aiko mana da sunayen samarin yankinsa masu son wannan aiki, da sunan rijiyarsu, kafin ƙarshen wata, domin da su za mu je gaban hukuma.