A bar mana warangi a tukunya

Tun makon jiya wani saƙon murya ke yawo a zaurukan WhatsApp na coci-cocinmu, daga Warra har Yelwa. Wani mai wa'azi ne, ba zan kama suna ba, yake cewa Kirista na gaske ba ya cin nama, kifi, ƙwai ko nono. Wai abincin gonar Aidan ke nan, kuma maganin kowace cuta. Da na ji dariya na yi na wuce. Ranar Lahadi dariyar ta ƙare, da na je gidan yayana na tarar matarsa, mai ciki wata shida, ta kwana goma ba ta sa kifi a miya ba, har miyar yara.

Kifi fa! A Warra!

To mu fara da Littafi Mai Tsarki, tunda da shi aka tsorata ta. Gaskiya ne a Farawa sura 1 tsirrai da 'ya'yan itatuwa aka ba Adamu. Amma malamin bai buɗe sura 9 ba, inda bayan ruwan tsufana Allah ya ba Nuhu dabbobi su zama abinci. Ibrahim maraƙi ya yanka wa baƙinsa. Idin Ƙetarewa da ɗan rago ake yi. Yesu kansa masunta ya fara kira, ya ciyar da mutum 5,000 da gurasa biyar da kifi biyu. Bayan ya tashi daga matattu ya ci gasasshen kifi a gaban almajiransa, yana nan a Luka 24. A Yahaya 21 kuma a bakin tafki suka same shi da kifi a kan garwashi. Malam, ka fi shi tsarki ne?

Daniyel da ake ta kafa hujja da shi, abincin sarkin Babila ya ƙi don kada ya ƙazantu. Ku duba sura 10, ya ce ya bar nama na mako uku saboda makoki. Wanda ba ya ci dama, me zai bari? Bulus a Romawa 14 ya raba gardamar: mai ci kada ya raina mai ganye, mai ganye kada ya hukunta mai ci. A 1 Timoti 4 kuwa ya yi kashedi a kan masu hana mutane abincin da Allah ya halitta. Wanda ya ga dama ya bar nama, bai yi zunubi ba, kuma ba wanda zai ji daga bakina. Wanda ya mai da shi ma'aunin bangaskiya, da shi nake.

Azumi daban ne. Katolika suna barin nama ranakun Juma'a a lokacin Lent, amma suna cin kifi. Kiristocin Habasha kan yi kwana 55 kafin Ista ba nama, ba nono, ba ƙwai, ranar idi kuma su yanka kaza. Suna sane cewa horon jiki ne mai lokaci.

Sai maganar lafiya, wadda ta fi damuna. Wannan tsari da Turawa ke kira bigan, wani Bature Donald Watson ne ya raɗa masa suna a Ingila a 1944. Likitocinsu sun yarda mutum zai iya rayuwa lafiya a kansa, amma da sharaɗin da malamin namu bai faɗa ba: sai an sha bitamin B12. Ba ya cikin gero, dawa, wake, gyaɗa ko zogale. A nama, kifi, ƙwai da nono ake samunsa. Su can suna zuba shi cikin madarar waken suya da abincin kwali, ga ƙwayarsa a kowane kanti. Wa zai kai wa matar da ke wata tunga a bayan Ngaski ko Shanga ƙwayar nan duk wata? Rashinsa na kawo ƙarancin jini, tafin ƙafa ya riƙa tsikari, jijiyoyi su lalace, wani lokaci ba gyara. Muguntarsa ita ce hanta na ajiye shi na tsawon lokaci, sai mutum ya yi ta bugun ƙirji wai wata shida ke nan ba abin da ya same shi. Jariri ba shi da wannan ajiyar, abin da uwa ta ba shi a ciki da a nono kawai gare shi, kuma ƙwaƙwalwarsa ce ke biya.

Ko 'yan Adbentis da suka fi kowa wa'azin barin nama, wani bincike na jami'arsu ta Loma Linda a Amurka da ya fito a 2013, a kan mutum sama da 70,000, ya nuna masu barin nama sun ɗan fi masu ci tsawon rai. Amma kun san waɗanda suka fi kowa a cikinsu? Waɗanda suka bar nama suka ci gaba da cin kifi.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, talakan bakin ruwan nan dama rabin bigan ne ba da sonsa ba. Tuwo da miyar kuka, nama sai Kirsimeti ko Sallar maƙwabta. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye gungu-gungu da fadamun kakanninmu, aka tashe su. Abin da tafkin ya mayar mana shi ne kifi. Karfasa da giwan ruwa 'yan kasuwa ke lodawa su yi kudu da su. Warangi shi ne rabonmu, ana cinsa da kai da ƙaya da kayan ciki, nan yaro ke samun abin gina ƙashi da ƙarin jini. Ɗan wannan ne za a zo a cire da sunan Allah?

In wa'azin rage nama ake so, ga masu buƙatarsa nan birjik. Ma'aikacin da kullum dare sai tsire da balangu, ga tumbi ga hawan jini, shi kam ya koma wake da kwaɗon zogale, zai gode. Ni ma ina cikin layin, ban ɓoye ba. Sai dai ban ji malamin ya ce zai daina karɓar baikon matan da ke kwana a gaban hayaƙin banda ba. Kuɗin kifin bai ƙazantu ba ke nan?

Jiya na koma da mudun warangi. Na ce, "Matarmu, buɗe Luka 24 ki karanta da kanki." Ta karanta, ta yi shiru, ta ce to in ta ci malamin ya ji fa? Na ce ki turo shi wurina. Talata yayana zai kai ta awo, na ce a duba jininta.

Duk wanda ya tura saƙon nan a wani zaure, don Allah ya koma ya tura wannan ma. In kuma malamin na da amsa kan kifin da Yesu ya ci, ga wurin sharhi nan a ƙasa, ba zan goge ba.