Kafin a raba mana baburan lantarki, batirin na wa ne?

Jama'a, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a 2024, kowa ya koma zancen babur da keke masu aiki da caji. Ni ban ƙi ba. Ɗan kabu-kabun da ke zirga-zirga tsakanin Gummi da Daki Takwas ya fi kowa sanin abin da mai ke ci a cinikinsa. Amma kafin a jera su a fili a yi ta ɗaukar hoto da sunan tallafi, a faɗa mana: batirin na wa ne?

Ra'ayina, batiri ya zauna a hannun kamfani, direba ya mallaki babur kawai. Batiri shi ne mafi tsada a jikin abin, kuma shi ke fara mutuwa, balle a zafin watan Afrilu irin namu. Ka sayar wa talaka da babur haɗe da batiri, bayan 'yan shekaru ya daina riƙe caji, ina zai samo kuɗin sabo? Sai a jingine shi a zaure. Ma'aikaci ne ni, na ga yadda kayan rabo ke ƙarewa idan ba wanda aka ɗora wa gyara.

Ba sabon abu nake kawowa ba. Ampersand a Kigali da Spiro a Benin da Togo haka suke yi: ka kai wanda ya ƙare, su ba ka cikakke cikin 'yan mintuna, ka biya kuɗin wutar. A China ma kamfanin NIO tun 2020 yake sayar da mota ya ba da batiri haya.

Masu cewa haya bauta ce, gara mutum ya mallaki abinsa ya yi caji a gida, don Allah wane gida? Da wace wuta? A tambayi mutumin Bukkuyum rabonsa da ganin wuta ta kwana. In da janareto za a yi cajin, to ai man da muke gudu muka koma saye.

Sai dai tsoronsu ba na banza ba ne. Kamfanin Better Place na Isra'ila da wannan tsarin ya fara, ya durƙushe a 2013. Kuma da yawan waɗannan batura ta waya ake biya, ta intanet ake lura da su. Mu kuwa ba mu manta Satumban 2021 ba, da aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya. Don haka duk yarjejeniyar da gwamnati za ta sa wa hannu, a rubuta baro-baro: tashoshin musaya masu sola a Anka, Gummi da Bukkuyum, ba Gusau kaɗai ba, musaya ta yiwu ko babu sabis, farashi a manne a bango, in kamfani ya tattara ya tafi, batura su tsaya.

Abin da ya fi ci min rai shi ne mataccen batiri. Masu araha da yawa ba na lithium ba ne, na dalma ne, irin na mota. In na direba ne, ƙarshensa hannun 'yan gwangwan, a fasa shi a tsakar gida a ciro dalmar, yara na wasa a gefe. Wa zai koya wa mutanen Anka da Bukkuyum illar dalma? A 2010 yara kusan 400 muka rasa a Dareta, Abare, 'Yargalma, Bagega da maƙwabtansu, har sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Kamfanin da ke da batiri dole ya zo ya kwashe gawar kayansa. Wanda ya sayar ya karɓe kuɗinsa kuwa, ko lambar wayarsa ba za ka ƙara samu ba.

'Yan majalisarmu na wannan yanki, ranar da takardar sayen ta iso gabanku, ku fara neman shafin da ya yi maganar batiri. In babu shi, ku mayar musu da ita.