Fitilun nan ba jirgin ɓarayi ba ne

1/ Masu tura murya a WhatsApp wai "jirgi na sauke wa ɓarayin daji makamai" don kawai kun hango fitilu a jere bayan magariba, ku ji tsoron Allah.

2/ Taurarin ɗan'adam na Starlink ne fa. In sababbin harbawa ne, layi ɗaya suke bi, shiru, hasken rana ke haska su can sama, mintoci kaɗan sun ɓace. Jirgi mai saukar ungulu kuwa ƙararsa ba ta ɓuya.

3/ Haba jama'a! Tun satar ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020 mutanenmu barcin zomo suke yi. Kai kana birni kana neman mabiya, tsohuwa a ƙauyen Faskari ko Sabuwa ta ji muryarka, ta kwashi jikoki ta kwana cikin gona, da sanyin nan.