Dajin Sunut Da Filayen Butana: Wa Ke Da Haƙƙi A Cikinsu?

Daga cikin 'yan'uwanmu fataken dabbobi, da waɗanda suka yi karatu a Sudan ko suka yada zango a can kan hanyarsu ta zuwa Makka, akwai da dama da suka san wani daji da ke cikin birnin Hartum, wanda mutanen ƙasar ke kira Sunut. Sunut ɗin nan kuwa bagaruwa ce, ita dai wadda majeman Kano da Sakkwato ke jima da 'ya'yanta. A wannan fitowa za mu yi magana ne a kan wannan daji da kuma filayen kiwon da ke kewaye da Hartum da Omdurman. Ra'ayinmu shi ne, duk dajin ko filin kiwon da ba a rubuta haƙƙin masu amfani da shi a cikin doka ba, to kwanansa ƙidayayye ne, ko da kuwa an zuba masa masu gadi ɗari.

Dajin yana gaɓar gabas ta kogin Farin Nilu, dab da Mugran, wato inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa su zama kogi ɗaya. Mai tsallakowa daga Omdurman ta gadar Fitaihab yakan hango shi. Yadda yake rayuwa abin lura ne. Idan damina ta sauka a duwatsun Habasha, Shuɗin Nilu yakan taho da ƙarfi har ya tare wa Farin Nilu hanya, sai ruwan Farin Nilun ya ja da baya ya malale cikin dajin, ya kwanta na 'yan watanni. Yawancin itatuwa ba za su jure wannan ba, amma bagaruwa takan tsaya da gindinta cikin ruwa ba abin da ya dame ta. In ruwa ya janye sai ya bar laka mai taki, ciyawa ta fito ɗanya shar a lokacin da ta tudu ta fara bushewa. Duk makiyayin da ya taɓa kai garke fadamar Hadeja ko ta gulbin Rima ya san darajar irin wannan wuri. Turawan Ingila su ne suka sa dajin a hannun hukuma zamanin mulkinsu, a 1939 kuma aka ayyana shi mafakar tsuntsaye, saboda masu ƙaura daga Turai da suke sauka a nan su huta.

Kafin yaƙi, ranar Juma'a mutanen birni sukan zo da iyalansu, su shimfiɗa tabarmi a inuwa, su gasa nama, mata masu shayi suna hura gawayi, yara suna kallon birai, zalɓe da balbela suna kiwo a bakin ruwa. Baƙo yakan yi sha'awar wurin, ya ɗauki hoto ya koma masauki. To amma wanda ya tsaya nan bai ga komai ba tukuna. Ya kamata ya tsallaka kogi ya yi yamma da Omdurman, inda gidaje ke ƙarewa a shiga fili fetal mai tsakuwa da yashi da 'yan ƙayoyi jefi-jefi. A nan kasuwar Muwailih take, karar da ta fi kowace suna a Sudan. Kafin yaƙi, shanun Darfur da Kordofan a ƙasa ake koro su, tafiyar wata biyu ko fiye, daga rijiya zuwa rijiya, har su iso nan. Ga raƙuman Kababish masu nufin Masar, ga tumaki masu doguwar wutsiya da ake lodawa zuwa bakin Bahar Maliya don layyar Saudiyya.

Sa'an nan ya juyo gabas, ya bi ta wajen Abu Dilaik ya shiga Butana, makeken filin da ke tsakanin Shuɗin Nilu da babban Nilu da kogin Atbara. Da rani mutumin birni zai rantse babu mai rai a wurin: baƙar ƙasa ce mai tsagewa, sai tsiraran duwatsu can da can, babu inuwa. Amma a bari ruwan Yuli da Agusta ya sauka. Ciyawa takan rufe ƙasa iyakar ganin ido, tafkunan da aka haƙa, waɗanda suke kira hafir, su cika, Shukuriyya da Batahin su bazu da raƙuma da tumaki. In tafkuna suka ƙafe kuma sai a gangara bakin kogi, inda kurmin bagaruwa yake da inuwa da ganye da 'ya'ya. Ashe ke nan fili da daji abu guda ne a wurin mai dabba, ɗaya na damina, ɗaya na rani. Mai zanen taswira a ofis shi ne ya raba su, ya rubuta wa ɗaya gandun daji, ya rubuta wa ɗaya ƙasar da ba ta da mai ita.

Wannan magana ta ƙasar da ba ta da mai ita, doka ce aka yi mata sukutum. A 1970 gwamnatin Ja'afar Numairi ta kafa dokar da ta ce duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce. Wane makiyayi ne ya taɓa yi wa burtali rajista? Shekara ɗaya bayan haka, a 1971, aka rushe mulkin sarakunan gargajiya, irin En'e ɗinmu ta da. Kafin nan Nazirin Shukuriyya, na gidan Abu Sin, da dattawansa su ke faɗin wanda zai sha a wace rijiya. Baƙin garkuna sukan shigo Butana da damina su fita in ta wuce, ciyawar kusa da rijiyoyi kuma a bar ta sai rani. Da aka cire wannan, fili ya zama na kowa, wato na mai ƙarfi. Attajirai da manyan ma'aikata suka karɓi takardun manyan gonakin tarakta na dawa da riɗi, irin waɗanda aka faro a Gadarif tun shekarun 1940, suka yi ta turowa arewa suna cinye labi da mashaya. Masu tankar ruwa suka kai garkunansu inda da ƙishirwa ke hana kowa zama, aka cinye ciyawa tun ba ta zubar da iri ba. Da farin 1984 zuwa 1985 ya zo, dubban mutanen Kordofan da Darfur da dabbobinsu suka ƙare, a nan Muwailih suka kafa bukkokin tsumma suna jiran taimakon hatsi, a bakin kasuwar da da suke shigowa da sanda a kafaɗa ana yi musu maraba.

Shi ma dajin Sunut, da yake a hannun hukuma ɗungurum, bai tsira ba. A shekarun 2000, da kuɗin man fetur suka shigo, an tayar da babban aikin gine-ginen zamani a Mugran har gefensa, ga kuma shara da ɓaraguzai da ake jibgewa a ciki. Sai yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojan gwamnati da rundunar RSF. Wutar lantarki ta ɗauke, gas ɗin girki ya yanke, ma'aikatan gandun daji suka gudu kamar kowa, itace da gawayi suka zama kuɗi. Bayan soja sun karɓe tsakiyar birnin a watan Maris 2025, waɗanda suka koma sun tarar da kututture a mafi yawan inda da inuwa take. Ba mu ce da akwai takarda a hannun makiyaya da ta tare mai bindiga ba. Yaƙi ba ya karanta takarda. Abin da ya dame mu shi ne ranar da za a zauna a sake dasa wannan daji da sauran kurmin bagaruwa na bakin kogunan, a sake shata filayen da ke bayansu. Wa za a kira zaman? In mai gini da mai tarakta ne kaɗai ke riƙe da takarda, to an gama rabo tun kafin a zauna.

Abin mamaki, su Turawan da suka kawo mana tsarin gandun daji mai korar dabba, a Sudan da nan Nijeriya, ba haka suke yi a gidansu ba. A kudancin Ingila akwai wani daji da ake kira New Forest, wanda wani sarkinsu ya keɓe don farauta wajen shekarar 1079. Mai ziyara yakan tarar da dawaki da shanu da jakuna suna yawo sakaka cikin itatuwa da filayen da ke kewaye, har kan titi, mota ce ke tsayawa ta ba su hanya. Dabbobin na talakawan yankin ne, haƙƙin kiwon kuwa yana manne da gida ko gonar mutum, a rubuce cikin kundi. Akwai kotu ta musamman a garin Lyndhurst mai mutum 10, biyar daga ciki masu kiwon ne ke zaɓensu, kuma tana da ma'aikata masu zagayawa a kan doki suna duba lafiyar dabbobi da karɓar kuɗin kowane kai. Haka nan a Dartmoor, wani tudu mai sanyi da hazo a kudu maso yammacin ƙasar, wanda ciyawa da duwatsu suka fi itace yawa, dokar 1985 ta kafa majalisar masu kiwo. Kada a ɗauka waliyyai ne. A ƙarni na 18 da na 19 masu ƙasa sun killace mafi yawan filayen talakawa, abin da ya rage bai wuce kashi 3 cikin 100 na ƙasar Ingila ba. Rigima ma ba ta ƙare ba, ko a 2023 an yi ta sa-in-sa a Dartmoor tsakanin hukumar kula da muhalli da masu tumaki kan yawan dabbobi. Sai dai mai tumakin can yana shiga rigimar da kujerarsa a majalisa da sunansa a kundi.

Mun san abin da ma'aikatan gandun daji za su ce: akuya tana cinye tsiro, mai dabba yana sassabe reshe da rani. Gaskiya ne akuya ba ta san dashe ba. Maganin wannan sananne ne, a rufe yankin da aka dasa na 'yan shekaru har tsiron ya fi ƙarfin bakinta, a buɗe wani yankin, a kuma sa iyaka ga yawan kai da watannin shiga. Wanda zai iya tsare wannan ƙa'ida shi ne wanda ya tabbata in an buɗe shi zai shiga. Mutumin da aka ce masa ko yau ko gobe ba shi da rabo, me zai sa ya tausaya wa reshe? Kuma a tambayi duk wanda ya taɓa rainon bagaruwa: ƙwayarta tauri gare ta, sai an jiƙa ta a ruwan zafi ko an kankare ta take saurin tsirowa, alhali wadda ta bi ta cikin tumaki ta fito cikin kashi ta sami wannan aiki kyauta, har da takinta. Shi Sunut na tsakiyar birni ba zai ɗauki manyan garkuna ba, wannan a fili yake. Amma masu 'yan awaki da shanun tatsa na gefen kogi, da masunta, da masu tsintar 'ya'yan bagaruwa don majema, duk sun cancanci a rubuta su.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A nan gida gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, ana kuma lissafa wurare kimanin 415, amma waɗanda aka kammala wa takardun doka ba su wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuma ta danƙa ƙasa a hannun gwamnoni, kusan yadda ta Numairi ta yi. Wanda ya san Ruma da Kukar Jangarai a ƙasar Katsina shekaru 40 da suka wuce, ya je ya duba abin da gonaki suka bari. Dazuzzukan Rugu da Kamuku kuwa kowa ya ji waɗanda suka maye gurbin masu kiwo na gaskiya a cikinsu. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗan fi mu a takarda, domin dokarsu ta 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne, ko da yake masu bin burtalin Maradi zuwa Dakoro sun san takarda daban, aiki daban.

Saboda haka muna kira ga kowane reshe na wannan ƙungiya, kafin damina mai zuwa, Arɗo da Sarkin Fulani da shugaban 'yan kara su zauna da dattawan da suka san ƙasa, a rubuta kowane burtali da mashaya da kurmin da ake shiga da rani, da sunansa da iyakarsa da watannin da ake amfani da shi. A yi kwafi uku, ɗaya wurin hakimi, ɗaya a ofishin ƙaramar hukuma a buga masa hatimi da kwanan wata, ɗaya kuma a aiko mana nan hedikwata. Inda akwai gandun daji a yankin, a nemi ganawa da jami'in da ke kula da shi, a tafi da takardar a hannu, a nemi a sa wakilan masu dabbobi cikin kwamitin da ke yanke lokacin rufewa da buɗewa.